Idan katafila ta tsinke faiba: RSVP-TE, LFA ko TI-LFA, wanne ya dace da zoben sadarwarka?

Wata Laraba da la'asar, katafilar masu aikin hanya ta tsinke mana faiba a bayan gari. Muna da hanya ta biyu, mun biya kuɗinta, tana nan lafiya lau. Amma sai da aka yi kusan minti guda babu abin da ke wucewa. Kiran waya ya yanke, masu POS suka fara bugowa, wani reshen banki da ke kan layinmu ya ce na'urorinsu sun daskare. Ina kallon allo, fitilar mahaɗin rautarmu, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya, kore shar. A ganinta babu abin da ya faru, domin layin haya muka ɗauka, ya ratsa ta cikin na'urar wani kamfani, kuma tsakaninmu da waccan na'urar haske bai ɗauke ba. Rautar ta ci gaba da zuba kaya, wato bayanan abokan ciniki, a rami har OSPF, tsarin da rautoci ke musayar taswirar hanyoyi da shi, ya cika sakan 40 ɗinsa na jiran gaisuwar maƙwabci, wato rautar da ke ɗaya bakin layin, sannan ya yarda cewa maƙwabcin ya tafi.

Tun daga ranar na daina fara wannan magana daga tambayar wace fasahar kariya ta fi. Lokacin da abokin cinikinka yake cikin duhu kashi uku ne a jere: lokacin gano cewa layi ya mutu, lokacin karkatar da kaya zuwa wata hanya, da lokacin da dukkan rautoci za su sake yarda da taswira ɗaya. RSVP-TE da LFA da TI-LFA, fasahohi uku na karkatar da kaya in layi ya mutu, duk na tsakiya kawai suke gyarawa. In na farko sakan 40 ne, to ko ka sayi fasahar da ke karkatarwa cikin milisakan 20, asararka sakan 40 ce da ɗoriya.

Ganowa tukuna

Ma'aunin da kowa ke ambata, milisakan 50, gado ne daga zamanin SDH da SONET, tsofaffin tsarin sadarwar faiba na kamfanonin waya, inda aka tsara cewa layin ajiya ya karɓi aiki cikin wannan lokaci. Lambobin da rautoci ke zuwa da su daga masana'anta sun yi nesa da shi ƙwarai. OSPF na gaisuwa duk sakan 10, ya jira 40. IS-IS, mai aiki irin na OSPF, a na'urorin Cisco 10 da 30, a na Juniper 9 da 27. BGP kuwa, wanda ke musayar hanyoyi tsakanin kamfanoni, yana jiran sakan 180 a Cisco, 90 a Juniper. Ko a inda haske ya ɗauke kai tsaye, tsohon IOS, manhajar rautocin Cisco, yana jinkirta sanar da mutuwar mahaɗi da sakan 2 sai in ka sauke shi da hannunka.

Wasu kan rage lokacin gaisuwar OSPF zuwa sakan ɗaya su ce sun gama. Yana taimakawa, amma babbar ƙwaƙwalwar rauta ce ke ɗaukar wannan aiki, kuma ranar da ta shagala da wani lissafi mai nauyi sai ta makara da gaisuwa, maƙwabta su yanke mata hukuncin mutuwa alhali tana raye. Abin da aka ƙera don wannan aiki shi ne BFD, wanda Dave Katz da Dave Ward suka rubuta, ya fito a RFC 5880, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, a 2010. Ba ya lissafin hanya, ba ya ɗaukar taswira, ƙananan fakitoci kawai yake musanya da maƙwabci, in uku suka ɓace a jere ya sanar da OSPF ko IS-IS ko BGP nan take. Tazarar milisakan 50 sau uku ta ba ka 150. Tazarar 300 sau uku ta ba ka 900.

Tambayar da za ka yi wa mai sayar maka da rauta ita ce: a ina BFD ke gudana, a katin layi, wato sashen da waya ke shiga, ko a babbar ƙwaƙwalwa? In a katin layi ne, ka iya sauka zuwa milisakan 50 ko ƙasa ba tare da fargaba ba. In a babbar ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda yake a yawancin ƙananan akwatuna da kamfanoninmu ke farawa da su, kada ka sauka ƙasa da 300. Na taɓa sa milisakan 50 a kan layin rediyo tsakanin hasumiya biyu. Da rani komai lafiya. Da damina ta kankama, duk sanda hadari ya taso sai layin ya riƙa zubar da 'yan fakitoci, BFD ya ce ya mutu, bayan sakan biyu ya ce ya dawo, OSPF ya sake lissafi, haka dai har ruwa ya ɗauke. Abokan ciniki sun fi shan wahala da wannan kai-komo fiye da in layin ya mutu gaba ɗaya. Sai da na ɗaga tazarar, na kuma sa jinkirin dawowa, sannan aka samu lafiya. In kuma layukanka a ɗaure suke cikin LAG, wato layuka da yawa da ke aiki kamar guda, ka nemi BFD na kowane reshe da RFC 7130 ya bayyana, don zama ɗaya a kan dukkan ɗaurin ba zai nuna maka cewa reshe guda ya ruɓe ba.

Zoben da za mu auna da shi

A ce kana da rautoci shida a zobe: Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Jos, Bauchi, a dawo Kano. Kowane layi nauyinsa 10, wato lambar da rautoci ke haɗawa don zaɓen hanya mafi ƙarancin jimla. Haka yawancin sadarwarmu take, domin faiba na bin titi, titi kuma zobe yake bayarwa ba raga ba. Yanzu layin Kano zuwa Zariya ya yanke.

In babu wata kariya, Kano za ta gano, ta watsa labari, kowace rauta ta sake lissafin SPF, wato lissafin gajeriyar hanya, ta sabunta teburin turawa. A tsohon IOS, OSPF na jiran sakan 5 kafin ma ya fara lissafin. RFC 8405 na 2018 ya ba da shawarar milisakan 50 a karon farko, 200 in labarai suka biyo baya, 5000 in rikici ya ƙi kwantawa, kuma sababbin manhajoji sun koma kusa da haka. Da BFD da waɗannan lambobi, ƙaramar sadarwa na iya daidaituwa ƙasa da sakan ɗaya. Ina so a riƙe wannan, domin ga mai rautoci goma da ke sayar da intanet ga gidaje da shaguna, wannan kaɗai ya isa. Mai kallon bidiyo ba zai lura ba. Matsalar tana farawa ne in kana ɗaukar murya, ko layin hasumiyoyin kamfanin waya, ko ka sa hannu a yarjejeniya da banki.

LFA, wanda RFC 5286 ya kawo a 2008, tunaninsa mai sauƙi ne: ba a fafe gora ranar tafiya. Kano ta lissafa maƙwabcin ajiya tun kafin komai ya lalace, ta ajiye shi a teburin turawa, da layi ya mutu ta juya kaya can ba tare da jiran kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: maƙwabcin ajiyar kada ya dawo mata da kayan. A lissafe, nisan maƙwabcin zuwa inda aka nufa ya zama ƙasa da nisansa zuwa Kano haɗe da nisan Kano zuwa can. Mu gwada. Kaya za su Zariya, maƙwabcin da ya rage Bauchi ce. Gajeriyar hanyar Bauchi zuwa Zariya 20 ce, kuma ta Kano take bi. Ɗaya ɓangaren lissafin 10 da 10, wato 20. Ashirin bai gaza ashirin ba, don haka Bauchi ba ta cancanta ba. In aka miƙa mata kayan, Kano za ta maido wa, domin ita ba ta riga ta ji labari ba. Kaya masu zuwa Kaduna ma haka: 30 da 30. Ke nan a wannan zobe LFA bai kare Zariya ba, bai kare Kaduna ba. Kunna shi layi ɗaya ne na umarni, ba ya cin komai, kuma a inda rautoci suka haɗu alwatika-alwatika, kamar tsakiyar birni mai layuka da yawa, yana rufe kaso mai yawa. A zobe mai tsawo kuwa kada ka dogara da shi, kuma kada ka yarda da kalmar an kunna sai ka buga umarnin da ke nuna adireshi nawa ne suke da hanyar ajiya a zahiri.

Remote LFA na RFC 7490, 2015, ya zo ne don toshe wannan giɓi. Tunda maƙwabci na kusa zai maido da kaya, sai a nemi rauta mai nisa wadda ta cika sharaɗi biyu: ana iya kai mata ba tare da bin layin da ya mutu ba, ita ma tana iya kaiwa ga inda aka nufa ba tare da binsa ba. A zobenmu Abuja ce. Kano ta liƙa wa fakiti lakabin MPLS na Abuja, wato lambar da rautocin hanya ke dubawa maimakon adireshi, ta tura ta Bauchi da Jos, Abuja ta ɓare lakabin ta miƙa Kaduna da Zariya. Yana aiki. Kuɗinsa shi ne zama na musamman na LDP, tsarin raba lakabobi, da Kano za ta buɗe da Abuja don sanin lakabin da Abuja ke amfani da shi, kuma waɗannan zaman suna buɗe kansu da kansu, suna canzawa duk sanda taswira ta canza. Mai tsaron sadarwa dole ya bar ƙofa a buɗe dominsu a kowace rauta.

Sai dai zobe na gaskiya ba ya zuwa da nauyi iri ɗaya. A ce layin Abuja zuwa Jos na haya ne, ƙarami, ka ba shi nauyi 100 don kada kaya su bi shi sai dole. Yanzu Bauchi in za ta Abuja, ta Kano da Zariya za ta bi. Jos in za ta Zariya, ta Bauchi da Kano za ta bi. Babu rauta ko ɗaya da ta cika sharuɗɗan biyu. Remote LFA ya tsaya nan, ba shi da amsa. Kuma irin wannan layin ajiya mai tsada, ƙarami, shi ne ainihin abin da yawancinmu muke da shi.

RSVP-TE, tsohon hannu

Kafin duk waɗannan, manyan kamfanoni da RSVP-TE suke samun milisakan 50 ɗinsu. RFC 3209 ya kafa shi a 2001, RFC 4090 ya ƙara masa saurin karkatarwa a 2005. Ana shimfiɗa rami na musamman, wato hanyar da aka tsara wa kaya tun farko, daga rauta zuwa rauta, kowace rauta a hanya ta riƙe bayaninsa, sannan a shimfiɗa ramin kewaye a gefen kowane layi. Bai damu da siffar taswira ba. In akwai wata hanya ko wace iri ce, zai same ta, nauyi 100 ko 1000. Shekara ashirin ana gwada shi a fagen aiki, kusan duk babbar rauta ta iya shi, kuma yana da abin da sauran ba su da shi a karan kansu: yana keɓe faɗin layi. In ka yi wa wani alkawarin gigabit biyu ko da an samu yankewa, RSVP-TE zai iya ƙin karɓar sabon rami in wuri ya cika.

Nauyinsa a riƙon bayani yake. In kana son kowace rauta ta kai ga kowace, rautoci 20 ramuka 380 ne, rautoci 50 ramuka 2450, kowanne ana sabunta shi lokaci-lokaci, asali duk sakan 30, ban da ramukan kewaye. Rautar tsakiya ita ke ɗauke da mafi yawansu. Ranar da babban layi ya yanke, ɗaruruwan ramuka za su nemi sabuwar hanya lokaci guda. Wanda ya taɓa zama da daddare yana neman dalilin da ya hana rami ɗaya tashi a cikin dubu ya san abin da nake nufi, kuma samun injiniyan da ya ƙware a wannan ba abu ne mai sauƙi ba in ba a Legas da Abuja ba.

Akwai kuma wani abu da zobe ke tonawa. Ramin kewaye na kare layi yana ƙarewa ne a ɗaya bakin layin da ya mutu. Kayan Kano masu zuwa Kaduna za su bi Bauchi, Jos, Abuja, su wuce ta cikin Kaduna ba su sauka ba, su isa Zariya, sannan su juyo Kaduna. Layin Kaduna da Zariya ya ɗauki kaya iri ɗaya sau biyu har sai an shimfiɗa sabon rami. Haske a faiba na cin kusan milisakan 5 a kowace kilomita 1000, don haka jinkirin ba shi ne abin tsoro ba. Cunkoson shi ne.

TI-LFA

Wannan ya dogara ne kan Segment Routing, wanda RFC 8402 ya bayyana tsarinsa a 2018. Kowace rauta na da lambarta guda da kowa ya sani, kowane layi ma na da tasa, kuma IS-IS ko OSPF da kansa ke raba lambobin. Babu LDP, babu RSVP. Rautar farko tana jera lakabobi a kan fakiti kamar mai rubuta wa direba tashoshin da zai tsaya, rautocin tsakiya ba sa riƙe komai game da wannan tafiya.

Koma ga zoben da ya kayar da Remote LFA. Kano ta lissafa yadda taswira za ta kasance in layin Zariya ya mutu, ta ga hanyar ita ce Bauchi, Jos, Abuja, Kaduna. Sai ta shirya lakabi biyu: na farko a kai Jos, na biyu Jos ta tura ta layinta na Abuja ko da kuwa lissafinta bai so. Daga Abuja hanya a buɗe take. Kayan Kaduna su sauka Kaduna, babu zuwa Zariya a dawo. Hanyar ajiyar ita ce dai hanyar da kowa zai koma bayan an daidaita, don haka kaya sau ɗaya suke sauya hanya, kuma layukan da ka faɗaɗa don ranar yankewa su ne suke ɗaukar nauyin. Ana iya umartarsa ya kare mutuwar rauta sukutum, ko rukunin layukan da aka binne wuri ɗaya a ƙasa, ba layi guda kaɗai ba.

A nan ne nake tsayawa in an tambaye ni, amma da sharaɗi. Ƙirga lakabobin: na Jos, na layin Jos da Abuja, na rautar ƙarshe, da na VPN, wato keɓaɓɓiyar sadarwar abokin ciniki. Huɗu ke nan. Wasu tsofaffin akwatuna da ƙananan rautocin gefe ba sa iya ɗora haka, kuma ba lallai su yi ihu ba, sai dai ka tarar adireshin ba shi da kariya. Ka duba iyakar zurfin lakabi na kowace na'ura kafin ka yanke shawara, ka kuma ƙara MTU, wato iyakar girman fakiti, na layukan tsakiya, kowane lakabi bait 4 ne. In kana haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban, ka daidaita zangon lambobin tun farko. Cisco daga 16000 zuwa 23999 take farawa, wasu kuma daban. Ba dole ba ne su zama ɗaya, amma ranar neman matsala za ka gode wa kanka in lambar Kano ɗaya ce a ko'ina.

Sannan TI-LFA bai hana ƙananan zagaye ba. Bayan yankewa, rautoci ba sa gama lissafi lokaci ɗaya. In Kano ta riga Bauchi sabunta teburinta ta daina amfani da lakabobin ajiya, za ta miƙa wa Bauchi kaya tsirara, Bauchi ta maido mata, na ɗan lokaci. RFC 8333 ya kawo maganin ɓangare ɗaya: rautar da ke bakin yankewar ta dakata a kan hanyar ajiya har sauran su gama. Manyan masu ƙera rautoci suna da nasu tsarin na kauce wa zagaye da Segment Routing, wanda ke aiki har lokacin da layi ya dawo. Ka kunna shi tare da TI-LFA, in ba haka ba za ka ga asarar fakitoci a gwaji ka rasa daga ina take.

Bakin iyaka

Duk abin da aka faɗa a sama cikin gidanka ne. In abin da ya mutu rautar da ke haɗa ka da mai ba ka intanet ce, magana ta koma BGP, kuma teburin IPv4 na duniya ya haura adireshi 900,000. Rautar da za ta sake zaɓen hanya ɗaya bayan ɗaya ta rubuta su a katin layi na iya ɗaukar mintuna. BGP PIC yana sa duk adireshin su nuna wuri ɗaya, wurin ya riƙe mafita biyu, in ta farko ta mutu a canza abu guda kowa ya bi. Amma sai rautar ta san mafita ta biyu, kuma madubin hanyoyi na BGP, wato rautar da ke raba wa sauran labarin hanyoyi, a al'adarsa mafi kyau ɗaya tak yake nunawa. Don haka kana bukatar Add-Path na RFC 7911, mai bari a sanar da hanya fiye da ɗaya, ko a VPN ka ba kowace rautar gefe RD nata daban, wato lambar da ke bambanta hanyoyin VPN. Mutane da yawa sun kunna PIC sun manta wannan.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, gyara ya ɗauki makonni. Kamfanin da ya sayi hanya a kan biyu daga cikinsu yana ganin yana da ajiya. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanya a kan wayar da ba ta shiga wannan hatsari ba. Haka abin yake a tudu. In faibarka biyu daga kamfanoni biyu suke amma gefen titi ɗaya suka bi, gada ɗaya suka haye, katafila ɗaya ce za ta ɗauke su. Ka nemi taswirar inda waya ta bi a ƙasa, in da hali ka shiga mota ka bi ta da idonka.

To wanne za ka ɗauka? In rautocinka ba su wuce goma ko sha biyar ba kuma ba ka ɗaukar murya ko layin hasumiya, sa BFD, sauke lokutan SPF, kunna LFA tunda kyauta ne, ka kashe sauran kuɗin wajen samun hanya ta biyu ta gaskiya. In kana da RSVP-TE yana aiki, kana da mutanen da suka iya shi, ko kana sayar da faɗin layi da aka keɓe, babu dalilin tumɓuke shi da gaggawa. Segment Routing na iya zama tare da shi da LDP a sadarwa ɗaya, ka ƙaura sannu a hankali. In kana kan LDP da na'urorin da ba su iya Segment Routing ba, Remote LFA ya fi babu, amma ka lissafa zobenka da nauyinsa na gaskiya ka ga inda ya bari a buɗe. In kuwa sabon gini kake yi, ko lokacin sauya na'urori ya zo, kuma taswirarka zobe ce mai layuka marasa daidaito, ka sa TI-LFA da zurfin lakabi cikin sharuɗɗan saye, a rubuce.

Ko wanne ka zaɓa, gwada shi ta hanya biyu. Ka sa na'ura tana aika fakiti 1000 a sakan, ta yadda kowane fakiti da ya ɓace milisakan ɗaya ne. Da farko zare faibar daga jikin rautar ka ƙirga. Sannan ka maida ita, ka je ka katse layin daga tsakiya, a bayan na'urar mai ba ka haya, inda fitilar rautarka za ta ci gaba da zama kore. Ka sake ƙirgawa lokacin da layin ya dawo. Lamba mafi girma a cikin ukun ita za ka rubuta a yarjejeniyarka da abokin ciniki.